Wanda Ya Saye Rijiya

Shagona taku tara ne, a Garin Malam:
rufin kwano, benci biyu, tele uku,
da fararen akwatunan wasa guda uku
da na haɗa da kuɗin raguna huɗu
da kwasar adashin yayata Barira.
Dala ashirin, minti goma.
Wanda aka harbe ya miƙa wa na baya.

Tsallaken titi Ciroma ne, nasa baƙaƙe.
Shekara biyu muna gaisawa da haɓa.

Ran Talata, la'asar sakaliya,
Kyari ya faɗo shago da waya a sama:
"Baba Lawali, an saye su!
Masu baƙin akwati sun saye gidan
da ke ƙera wasan yaƙin nan, har da tsintsiya!"
Na ce, nawa?
Ya kama karanto sifiri bayan sifiri,
numfashinsa ya ƙare, sifirin bai ƙare ba.

Ni ɗan Damagaram ne, ba na neman tafinta.
Na ga ƴan ga-ruwa biyu a unguwa ɗaya,
wannan ya rage dala, wancan ya cika tulu har wuya,
mai ƙishi na kwasar ribar faɗansu.
To, ran da ɗaya ya ajiye garwa
ya je ya saye rijiyar fa?

Wayar ta ce masu saye sun rantse
kowa zai ci gaba da zura guga.
Masu farin suka ce ƙarya ne, a je gaban alƙalai.
Na ce madalla, ga masu gaskiya.
Sai Kyari ya ja yatsa ƙasa:
ashe su ma suna da rijiyoyinsu,
da murfi, da kwaɗo, tun ba yau ba.

Kafin sati, yara sun rabu gida biyu.
Harisu ya fasa wa Ari leɓe a gindin duwatsun Birni
don kare mutuncin wani kamfani
da bai san Zinder tana cikin taswira ba,
balle leɓen Ari.
Ni kuwa da dare ina ƙirga silalla a gwangwani,
ina ƙirga takalman da ke ƙofar Ciroma.
Jiya tara. Yau goma sha huɗu.
Ba a ma ɗauke wasan ba tukuna,
labarin kawai ya kwashe su.

Daren Asabar wuta ta ɗauke.
Fari da baƙi duk suka zama akwati.
Ciroma ya tsallako, ya zauna a bencina
ba tare da na ce bismilla ba.
Ya ce, "Lawali, faifan ƙwallon bara,
wanda ka ba direban Kano jika biyar
don kada ya kawo mini nawa,
wata uku ina sharar shago ni kaɗai.
Ka tuna?"

Na laluba aljihu neman amsa,
goro guda na samu.
Na raba, na ba shi ɓari mai girma.
Ya tauna. Bai ce ya yafe ba.
Ni ma ban roƙa ba.
Zufa tana bin bayanmu, sauro na karɓar haraji.

A cikin shago, cikin duhu,
ƙanin Ari, ɗan shekara shida,
wanda bai taɓa riƙe dala ashirin tasa ba,
ya ɗauki manet ɗin da manya suka yar,
yana danne-danne gaban tele matacciya,
yana harbi da bakinsa: tau! tau! ratata!
Har ya kai wani gari da babu shi a faifai.

Ciroma ya ce, "Wannan nawa kake cajinsa?"
Muka yi dariya, gajeriya.

Ƙarshen wata Barira za ta aiko ɗanta.